Ranar da Tabita Mai Yaji Ta Rasa Amsa

Duk wanda ya taɓa cin soya, wato tsire, a Unguwar Hausawa ta New Bell har ya lashe yatsa, to ya ci aikin hannun Tabita, ko ya san ta ko bai san ta ba. Ita ce mai daka yajin da masu tsire ke barbaɗawa, wanda mutanen Duwala ke kira kankan. Shekara goma sha tara ke nan tana wannan aiki a wani gidan haya mai ɗaki bakwai, inda ruwan sama ke shigowa tsakar gida ba sallama duk damina. Ƙuli-ƙuli, citta, kanumfari, masoro, barkono, da wani abu guda da ta ƙi faɗa wa kowa. Maƙwabta sun yi ƙorafin atishawa har sun gaji, yanzu in ba su ji taɓarya ba sai su leƙo su tambayi lafiya.

A gidan nan ita kaɗai ce Kirista. An haife ta a wani ƙauye kan duwatsun bayan Mogode, dab da iyakar Najeriya, kuma a tsallaken iyakar ta yi wayo a hannun ƙanwar babanta. Can ta koyi Hausa, can ta koyi karatu a majami'a, shi ya sa har yau da Hausa take addu'a, ko da yake sujadar Lahadi da Faransanci ake yi a inda take zuwa. Ta yi aure, mijin ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya, wadda yanzu take gidan mijinta a Garwa. Yayanta ne ya aika mata ta zo Duwala, ya ce zaman zawarci a ƙauye ba ya cika tukunya.

Wannan yayan nata shi ne Hamadu mai tsire. A gida sunansa Andarawus. Ya biyo motar shanu yana saurayi, ya faɗa hannun mahauta, suka ba shi wurin kwana da sana'a, daga baya ya karɓi Musulunci da bakinsa, ba wanda ya tilasta shi. Da ya je gida ya faɗa, babansu ya nuna masa hanya ya ce kada ya sake ganin ƙafarsa. Tsohon ya mutu bai janye maganar ba. Bayan haka hanya ta lalace da tashin hankali, bayan haka kuma sai kunya, irin kunyar wanda ya daɗe bai je ba har ya rasa da wace fuska zai shiga. Ana haka, ana haka, shekara ashirin da bakwai ta wuce. Innarsu tana nan da rai, sukan gaisa ta waya, amma rabon da ta sa shi a ido tun ranar nan.

Abin da aka fi sanin Tabita da shi, bayan yaji, shi ne tambaya. Ba ta yin komai sai ta tambaya, kuma ba mutane take tambaya ba. Kowace safiya kafin ta hura wuta, sai ta kife ƙaramin turmi ta zauna a kai, ta zayyana wa Ubangiji abin da ke gabanta kamar mai kai rahoto: gyaɗa ta ƙare, gwiwa na ciwo, matar ɗakin ƙarshe ta sake zuba mata ruwan wanki a ƙofa, shin ta yi magana ko ta haɗiye. Sannan ta ce, "Ruhu Mai Tsarki, ka bishe ni," ta yi shiru. A wurinta shirun nan shi ne rabin addu'ar, domin ta ce rashin ladabi ne ka tambayi babba ka tashi tun bai buɗe baki ba.

Ba ta taɓa cewa ta ji murya ba, kuma masu cewa suna ji kullum ba ta cika yarda da su ba. In an matsa mata sai ta ce abin kamar ɗaukar tulu ne. Idan hanyar daidai ce sai ta ji kayan ya zauna a ka, idan ba daidai ba ce sai ta ji yana tangaɗi. Ba kullum take cin daidai ba. Akwai shekarar da ta ji hankalinta ya kwanta a kan wani buhun gyaɗa mai araha, ta kawo gida ta tarar ƙwari sun riga ta. Ba ta ɗora wa kowa laifi ba, ta ce, "Ba shi ya yi magana ba, kwaɗayina ne ya ari bakinsa."

Hamadu ya fi kowa yi mata tsiya a kan wannan. In ta kawo masa yaji da yamma sai ya ce, "Tabita, an ba ki izinin sayen gishiri yau, ko har yanzu ana shawara a sama?" Ita kuma ta ce, "Yaya, kai da kake tsayawa sau biyar a rana, ni za ka yi wa gori?" Sai ya yi dariya ya yanko mata hanta. Iyakar muhawarar addininsu ke nan a shekara goma sha tara.

Ciwon ya kama shi cikin watan Agusta, lokacin da ruwa ke kwana ya wuni yana zuba. Hawan jini ne ya kayar da shi a bakin tukuba, ɓarin jikinsa ya mutu, bakin ya daina fita. Matarsa Ikilima tana fama da ƙafa, ba ta iya tsayuwar asibiti, kuma ba ta jin Faransanci. Tabita kuwa tana da na kasuwa, ta iya rubuta sunanta. Don haka ita aka rubuta a takarda a matsayin mai jinya, ita ke kwana, ita ke karɓo magani, ita likita ke nema. A lokacin ba wanda ya ga wani abu a cikin wannan, taimako ne kawai.

A rana ta tara, wata Talata, da ƙarfe takwas da 'yan mintoci na safe, tana fifita masa koko ya ja numfashi sau biyu ya tsaya. Ta riƙe cokalin ta ci gaba da kallonsa. Sai da matar da ke jinyar gadon kusa ta ce, "Innalillahi," sannan ta gane.

Ba a ba ta lokacin kuka ba. Wata malamar asibiti mai tabarau ta zo da takarda a hannu ta ce, "Madame, c'est vous la famille?" Wato ko ita ce danginsa; Tabita ta ɗaga kai. Malamar ta yi mata bayani a gaggauce, domin akwai mai jiran gadon. Hanya biyu ce. Ko a sauke shi morg, ɗakin sanyin da ake ajiye gawa, ko ta sa hannu a ba su shi su tafi da shi yau. Ko wanne ne, sunanta ne a takarda, hannunta ake so, kuma ba za su bar shi a nan ya wuce ƙarfe goma sha biyu ba.

Wanda bai zauna a Duwala ba zai ce ai wannan ba abin tsayawa ba ne. To a garin nan mutuwa iri biyu ce. Kirista in ya mutu sai a sa shi a sanyi mako biyu, mako uku, wani har wata, dangi su taru daga ko'ina, a ɗinka anko, a yi zaman makoki, sannan a ɗauke shi a mota a kai shi ƙauyen da aka binne cibiyarsa. Wanda aka binne a birni ana cewa an yar da shi. Musulmi kuwa in ya cika da safe, ba a so magariba ta same shi a waje, balle ya kwana. Kowane ɓangare yana kallon ɗayan da mamaki, waɗannan su ce ana wahalar da mamaci, waɗancan su ce ana gudun sa kamar annoba. Hamadu kuwa yana da dangi a duka biyun.

Ta buga waya biyu, domin haka ya kamata. Ta kira Alhaji Munzali, babban mahautan layinsu, wanda a hannunsa Hamadu ya koyi riƙe wuƙa. Ta kira Kawu Filibus, ƙanin Innarsu, tsohon mai gadi da ke zaune a unguwar Nylon, shi ne shugaban taron 'yan ƙauyensu mazauna Duwala. Kafin tara da rabi duka sun iso, kowa a jiƙe.

Alhaji Munzali ya yi mata ta'aziyya da murya ƙasa-ƙasa. Ya ce, "Gwaggo, sai haƙuri. Mun tura a fara haƙa kabari. In kin sa hannu yanzu, mu kai shi gida a yi masa wanka, bayan la'asar a sallace shi, in Allah ya yarda."

Kawu Filibus ya gyara tsayuwa. Ya ce, "Wane kabari? Alhaji, ka yi haƙuri, amma yaron nan ɗan 'yar'uwata ne. Kafin ku san shi ni na ɗauke shi a kafaɗa. Taronmu yana da mota, ba yau muka fara kai namu gida ba."

"Musulmi ne, Kawu. Kusan shekara talatin muna sahu ɗaya."

"Ban ce ba haka ba ne. Amma uwarsa tana da rai." Ya juya ga Tabita, ya koma harshensu na gida don maganar ta shige ta sosai. Ya riga ya kira ƙauye tun yana hanya, an kai wa tsohuwa waya, ga abin da ta ce, kalma da kalma: a kawo mata ɗanta. An hana ta shi da rai, kada a hana ta shi a mace.

Tabita ta ninke takardar. Ta dubi wannan, ta dubi wancan, duka dattawa, duka idonsu ja, ba wanda ya zo da mugun nufi. Da ɗaya daga cikinsu ya yi mata tsawa da abin ya zo da sauƙi. Ta ce su ba ta ɗan lokaci, ta fita da takardar a hannu.

A bayan ɗakin marasa lafiya akwai famfo inda masu jinya ke wanke kwanuka. Ta samu wani bulo a ƙarƙashin kwanon rufi ta zauna, ruwa na fantsamo mata a ƙafa. Ta zayyana komai yadda ta saba. Ta ce, "Ruhu Mai Tsarki, ka bishe ni." Ta yi shiru.

Ba abin da ya zo. Ta ji ƙarar ruwa a kan kwano, ta ji wata mata na kankare tukunya, shi ke nan.

Ta gwada hanyar farko a ranta. Ta ga an tura shi cikin aljihun ƙarfe mai sanyi, mako uku, Ikilima da yara suna zaune a gida ba su san ko sun fara makoki ko ba su fara ba. Ta ga an isa ƙauye da shi, ta tambayi kanta wa zai yi masa addu'a a can, kuma da wane baki. Kayan ya yi tangaɗi. Ta gwada ta biyu. Ta ga Inna zaune a kan dutsen ƙofar gida tana kallon hanya, kwana ɗaya, kwana biyu, tana tambayar duk mai wucewa ko ya ga mota. Wannan ma ya yi tangaɗi, har ya fi na farko. Gaba kura, baya sayaki.

Tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta taɓa ji ba. Ba tsoron Kawu ba, ba tsoron Alhaji ba. Tsoron kada ya zamana duk shekarun nan da kanta take hira. Ta duba agogon waya, goma saura kwata. Ta sake rufe ido, ta matse su har suka yi zafi. Ta yi addu'a da Hausa, ta yi da harshen gida, har ta ɗan taɓa Faransanci, ko a can ne ƙofar take. Daga ƙarshe haushi ya zo, ta ce a fili, "A kan gyaɗa kana magana, a kan ruwan wanki kana magana. Yau a kan Yaya za ka yi mini shiru?" Mai kankare tukunya ta ɗago ta dube ta, ta mai da kai.

Wayar ta yi ƙara, Kawu ne, ta ƙi ɗauka. Ta sake ƙara, 'yarta ce daga Garwa tana kuka, an riga an faɗa mata, tana cewa, "Mama, kada ki bari Kaka ta yi fushi da ke, kin san bakin uwa." Ta kashe. Goma da kwata.

A nan ne ta kama kanta. Tana bin kalmomin da take ta maimaitawa, sai ta ji abin da take roƙo ke nan tun ɗazu: a nuna mata hanyar da ba wanda zai zarge ta. Ba Hamadu take tunani ba, ba Inna ba, fatarta take karewa. Kunya ta rufe ta. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ka gafarta mini. To ko zagina za a yi, ko Inna ba za ta sake kiran sunana ba, nuna mini abin da yake daidai."

Har yanzu ba a ce mata morg ba, ba a ce mata maƙabarta ba. Wani ɗan ƙaramin abu ne ya faɗo mata a rai ya ƙi tafiya. Ikilima. Maza biyu sun yi magana, uwa ta aiko, 'ya ta kira, malamar asibiti ta ba da wa'adi, amma matar da ta zauna da shi shekara ashirin da huɗu ba wanda ya tambaye ta komai. Tabita ta ce a ranta wannan ai ba amsa ba ce, kuma lokaci na tafiya. Amma shi kaɗai ne abin da aka ba ta, sai ta tashi da shi.

Ta ce wa dattawan su jira ta. Kawu ya ce, "Ina kuma za ki?" Ba ta tsaya ba. Ta tare ɗan benskin a bakin ƙofa, ta hau bayan babur, suka kutsa cikin ruwa, yana kauce wa ramuka tana riƙe takardar a ƙarƙashin riga. A wani lungu ruwa ya kai gwiwa, dole ta sauka ta ƙarasa da ƙafa. Duk taku ɗaya tana jin agogo a ƙirjinta.

Gidan Hamadu ya riga ya cika da mata. Ikilima tana zaune a kan tabarma an lulluɓe ta, idon ya kumbura. Da ta ga Tabita sai ta miƙa hannu a taimake ta ta tashi, ta ja ta zuwa ƙuryar ɗaki ta saki labule. Labarin gardamar ya riga ya iso, a New Bell magana ba ta jiran babur.

Tabita ta ce, "Maman Jannatu, na zo in ji ta bakinki."

Ikilima ta juya wajen gado. Ta durƙusa da ƙyar, ta jawo wata akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, ta kwashe zannuwa, ta zaro wani ƙunshi a leda daga can ƙasa. Ta buɗe. Farin yadi ne a ninke, an riga an yanka shi gida-gida, yana ƙamshin turare.

Ta ce, "Likkafaninsa ne. Shekara shida ke nan. Da kansa ya je Kasuwar Kongo ya saya, ya sa aka yanka, ya ce in ajiye. Ya ce kada in nuna miki, hankalinki zai tashi."

Tabita ta kai hannu ta taɓa yadin.

"Gwaggo, ni ba zan ja da uwa ba. Ni babba na same shi, ita ta haife shi. In kun yanke za ku tafi da shi, ba zan buɗe baki ba, kuma zan hana yara. Abu ɗaya nake roƙo. Ki tafi da wannan, a sa shi a ciki." Ta ɗora mata yadin a hannu.

"Ya faɗa miki wani abu ranar da ya kawo?"

"Ya ce in abin ya zo kada a wahalar da mutane, kada ya kwana." Ta share ido. "Amma gaskiya ita ce bai san Inna za ta roƙa ba. Ba zan ce miki ya sani ba."

Tabita ta tsaya da yadin a hannu biyu. Ba shi da nauyi ko kaɗan. Mutumin da ake ta gardama a kansa tun safe ya riga ya ba da tasa amsar shekara shida da suka wuce, ya ninke ya ajiye a ƙarƙashin gado, kuma matar da ta fi kowa ikon ɗaga wannan yadi ta yi ihu da shi ta miƙa mata shi ta ce ta tafi. Sai ta ji kayan ya zauna. Ta yi zaton in ya zauna za ta ji sanyi, kamar kullum. Ba sanyi ko kaɗan, ya ma fi ɗazu nauyi, sai dai ya daina motsi. Ta san abin da za ta yi, ta kuma san abin da zai ci mata.

Ta mayar wa Ikilima yadin ta ce, "Riƙe. A nan za a sa masa."

Sha biyu saura minti goma ta shiga asibiti, zaninta na ɗiga. Ta shimfiɗa takardar a kan teburin malamar, ta rubuta sunanta harafi-harafi. Kawu Filibus yana tsaye a bayanta. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce, "Tabita, kin san abin da kika yi?"

"Na sani, Kawu."

"To ke za ki faɗa mata. Ni bakina ba zai ɗauka ba." Ya ɗauki lemarsa ya fita, har ya kai ƙofa bai buɗe lemar ba.

Alhaji Munzali ya ga komai. Da suka fito baranda ya matso kusa ya ce a hankali, "Gwaggo, ki ji. In kin kira tsohuwa, ki ce mu muka matsa. Ki ce mun zo da yawa mun ɗauke shi kafin ki ankara. Ba ta san mu ba, fushinta ba zai same mu ba. Ke kuwa 'yarta ce, kuma ke kaɗai ta rage mata a nan."

Alheri ne yake yi mata, kuma maganar ta shiga. Ga ƙofa a buɗe, an ma riƙe mata ita. Ta tambaya a ranta, tana fatan a sake yin jinkiri irin na ɗazu. Wannan karon ba a ɓata mata lokaci ba. Ta ce, "A'a, Alhaji. Na gode. In na faɗi haka, za ta mutu tana ƙin jikokinta."

Maza suka yi masa wanka a bayan gida. Kafin a rufe fuskar aka kira matan gida su yi sallama da shi. Ikilima ta yi addu'arta, yara suka yi tasu. Tabita ta durƙusa a ƙarshe, ta daɗe tana kallonsa, har wani ya yi gyaran murya. Bayan la'asar ruwa ya ɗan tsagaita, aka ɗauke shi. Ta tsaya a bakin zaure tare da sauran mata tana kallon bayan mutane har suka sha kwana.

Ba ta koma cikin masu makoki ba. Ta wuce ɗakinta, ta rufe ƙofa, ta zauna a bakin gado da wayar a cinya. Sau uku tana nemo lambar tana fasawa. Ta ce, "Ka riƙe mini harshe," ta danna.

Matar ƙaninta ce ta ɗauka, domin ita ke riƙe wayar gidan, 'yar ƙarama mai madanni. Ba ta ko gaishe ta ba, ta ce bari ta kai. Tabita ta ji takun ƙafa a kan tsakuwa, ta ji kukan akuya, sannan numfashin tsohuwa.

"Inna, ni ce."

"Yaushe za ku taso?"

"Ba za mu taso ba, Inna. An binne shi yanzu, bayan la'asar."

Tabita ta cire wayar daga kunne ta duba ko ta yanke.

"Ƙwace shi suka yi?"

"Ba wanda ya ƙwace. Ni na sa hannu. Matarsa ma ta ce a kawo miki shi." Ta faɗa mata labarin yadin, da shekara shida, da abin da ya ce. Ba ta ƙara ba, ba ta rage ba, har da cewa bai san za ta roƙa ba.

Tsohuwa ta ce, "Saƙona ya same ki?"

"Ya same ni."

"Kin tambaya, yadda kika saba?"

"Na tambaya, Inna."

"Haka aka ce miki?"

"Haka na ji. Ban ji murya ba. In na yi kuskure, nawa ne."

Ta jira. Ta shirya wa baki, ta shirya wa a kashe waya a kunnenta. Inna ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ta yi wani dogon numfashi, sannan ta ce, "Kin ga fuskarsa?"

"Na gani."

"Yaya take?"

Tabita ta rasa ta inda za ta fara. Ta ce, "Lafiya lau, kamar mai barci. Ya yi furfura, Inna. Gemunsa duk fari."

"Furfura," in ji tsohuwa. Ta sake faɗa a hankali, kamar kalmar baƙuwa ce. "Andarawus da furfura. Ba wanda ya taɓa faɗa mini." Muryar ta karye, ta gyara ta. "To kada ki yi sauri. Fara daga goshi."

Tabita ta share hanci da bakin zani, ta fara daga goshi.